Shekarar da Aka Yanka wa Robo Rago

Ku ƙannena, na gaji da jin yadda ake ba ku labarin nan a karkace. Duk bikin da aka taru a Djougou sai wata ta nuna ni da baki ta ce ga Rashida, wadda ta kori baƙon Kawu. Ku kuma kuna ƙanana lokacin, abin da kuka ji shi kuka riƙe. To yau zan faɗa da bakina tun daga tushe, wanda ya ga ƙarya a ciki ya zo ya same ni a Zongo, ba ɓoyayya ba ce ni.

Kun san Kawu Salifu, yayan Innarmu, kun san gidansa. Abin da ba ku sani ba shi ne nauyin da gidan nan yake ɗauke da shi. Tun kakanninmu masu fataucin goro, gidan saukar baƙi ne. Ɗan kasuwa ya taso daga arewa zai gangara Togo ko Gana, nan yake yada zango, kamar yadda ubansa ya yi. Kuma gidan yana da doka guda wadda Kawu ya fi riƙe ta da hannu biyu: wanda ya yi sallama a amsa masa, a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, kuma ba a tambayarsa ko shi waye sai ya ci ya sha ya huta. Ni da idona na ga Kawu ya ci tuwo da mutum har suka wanke hannu bai san sunansa ba. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya faru daga nan ya fito.

Ni kuwa lokacin na bar lakwal, wato makarantar boko, ina taya Baba a teburin nama a Zongon Parakou da safe, da rana in gudu wani siber, shagon intanet, a unguwar Titirou inda ake haya da ordinater, wato kwamfuta. Babu wanda ya koya mini haɗa shafin intanet. Bidiyo nake kallo, in kwafa, abu ya lalace, in sake. Ranar da na rubuta layi na farko na ga sunana ya fito a allo da jan launi, wallahi sai da na yi ihu har mai siber ɗin ya zo ya duba ko kuran ne, wato lantarki, ya ja ni. Daga nan ban ƙara zama lafiya ba. Kowa na gani sai in ga ya dace da shafin intanet: mai tsire, mai ɗinki, har liman. Kawu ne kaɗai ya saurare ni har ƙarshe. Yana sayar da goro da man kaɗe da 'ya'yan kaju, ya ce in dai abin nan zai sa baƙo ya san hanyar gidansa, in yi. Na yi masa shafi mai kyau, da hoton ƙofar gida, da hoton kayan, a ƙasa kuma na sa abin da muke ce wa formiler, wato gurabe uku da mutum zai cika: sunansa, yadda za a same shi, da saƙonsa. Ya danna, saƙon ya faɗo cikin wayar Tanti Ramatu, matar Kawu, don ita ce mai Faransanci a gidan.

Da na nuna masa, ya daɗe yana kallon guraben nan, sannan ya ce:

"To ai wannan zaure ne."

"Zaure ne, Kawu."

"Madalla. Ramatu, duk wanda ya yi sallama a nan, ki amsa masa."

Na yi dariya na koma Parakou ina jin kaina a sama. Ban san da wannan magana aka buɗe mana ƙofar wahala ba.

Ga abin da babu bidiyon da ya faɗa mini da wuri. Akwai wasu mutane a duniya, Allah kaɗai ya san inda suke zaune, da suke ƙera robo. Ba robo mai hannu da ƙafa ba, rubutu ne kawai da ake saki cikin intanet, yana bin shafi shafi yana neman inda akwai gurbin rubutu. Ya samu, ya cika shi da talla ko da yaudara, ya danna, ya wuce na gaba, ba ya barci, ba ya gajiya, ba ya jin kunya. Shi ake kira spam. Su kuwa masu shi ba su san Djougou ba, ba su san goro ba, ba su damu da ko wa zai karanta ba. Cikin dubu in mutum guda ya faɗa, ya ishe su. Shafin Kawu bai daɗe ba suka gano shi. Wani ya ce yana da maganin ƙarfin maza. Wani ya ce zai ɗaga shafinmu ya fi na kowa a duniya. Wata ta ce ita bazawara ce mai ciwon ajali tana neman mai tsoron Allah. Wasu ma da wani irin rubutu suke zuwa, ba boko ba, ba ajami ba. Kuma Tanti, baiwar Allah, tana zaune a tsakar gida da tabarau tana amsa su ɗaya bayan ɗaya, don maigida ya ce a amsa. Mai maganin maza an gode masa an ce ba a bukata. Bazawarar an yi mata addu'ar samun sauƙi. Mai baƙon rubutun nan, Tanti ta ce ba ta gane ba, Kawu ya ce:

"Amsa masa da Hausa. Wanda ya kawo shi zai fahimtar da shi."

To su abin da suke jira ke nan. Ka amsa, sun san akwai mai rai a bayan adireshin, sai su sayar wa junansu da shi, su yi maka ca. Wayar Tanti ta koma kuka daga safe har yamma. Ni ban sani ba, don babu wanda ya ga abin faɗa a ciki. A wurinsu gida ya yi albarka, baƙi sun yi yawa.

Sai ga saƙon Misye Daniyel. Faransanci mai santsi, ya ce ya ga kayanmu sun burge shi, yana son ya ziyarci kamfaninmu ranar Juma'a don a ƙulla hulɗa mai ɗorewa. Tanti ta amsa da marhabin. Nan take amsa ta dawo, wai a danna wani wuri a tura hoton katin shaida na maigida don a shirya tafiyar. Abin da ya cece mu a nan ba wayona ba ne, rashin rezo ne, wato sabis na waya: wurin ya ƙi buɗewa a wayar Tanti. Kawu ya ce ba komai, in ya zo ya ga katin da idonsa. Aka share ɗakin baƙi na sama, aka sayo sabon gidan sauro, aka gaya wa liman, aka gaya wa maƙwabta Bature zai sauka. Ni kuma aka kira ni in zo in yi tafinta.

Na sauka daga taksi ranar Juma'a da hantsi, na shigo na tarar da rago a rataye an riga an feɗe shi, mata suna ta daka, an tura mota tasha tana jira. Na ce Tanti ta nuna mini saƙon. Layi na farko na karanta na gane komai. Inda ya kamata a ce sunan gidanmu ne, an bar kalmar "sunan kamfani" a zaune yadda take, ko cike wurin ba su yi ba. Saƙo ɗaya ne aka watsa wa duniya. Na sami Kawu a zaure ya sha babbar riga, na durƙusa.

"Kawu, mutumin nan ba zai zo ba."

"Ya yi waya ne?"

"A'a. Babu shi ne."

"Ya rasu?"

"Ba a taɓa haihuwarsa ba, Kawu. Robo ne. Na'ura ce ta rubuto."

Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya ce:

"Ke ɗiyar nan, na'ura ce za ta ce kayana sun burge ta?"

Bai yarda ba sai da aka sauko daga masallaci, aka yi la'asar, direba ya dawo shi kaɗai. Maƙwabta suka ci nama suka yi godiya da fuska a ɗaure, suna fita ƙofa muka jiyo dariyarsu. Har yau akwai masu ce wa ɗakin nan na sama ɗakin Daniyel. Ni abin da ya ƙona mini rai ba ragon ba ne. Dattijo ne ya zauna da rigarsa ta Idi yana gyara hula duk sanda ya ji ƙarar mota, saboda wani ɗan iska a wata ƙasa ya danna abu sau ɗaya ya tafi shan shayinsa. Mutuncin da aka gada tun kakanni shi suka mayar abin wasa, kuma ba su ma san sun yi ba. Wannan rashin sanin shi ya fi ci mini rai.

Na koma Parakou da wuta a ƙirji. Duk inda na duba a intanet amsa ɗaya ce: ki sa kapca. Kun san shi, abin nan da ke tare ka kafin ka tura saƙo, ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ya jero hotuna ka zaɓa. Manyan shafuka duk shi suke sawa, kyauta ne, na sa. Kuma ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Wayar Tanti ta yi tsit har ta kira ni ta tambaya ko ta lalace ne. Na yi ta yawo a Zongo ina ba kowa labari, har mai kosai sai da na yi wa bayanin kapca.

Yanzu ga maganar baƙon da ake cewa na kora. Alhaji Mamman dillalin shanu ne, ubansa a gidan kakanmu yake sauka, shi ma tun yana saurayi a gidan Kawu yake sauka in zai bi da dabbobi ta Djougou. Waya ɗaya ta ishe shi ya ce ga shi nan tafe, ko ma ya zo ba waya. Amma Kawu ya riga ya yi masa alfahari da shafin, shi kuma ya so ya yi alfahari da mai masaukinsa. Ranar kasuwar shanu a Tourou, nan bakin Parakou, cikin 'yan'uwansa dillalai, ya fito da waya ya ce yau ta intanet zai sanar da zuwansa, su gani. Wani dillali mai jin Faransanci ya karɓa ya rubuta masa gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta iyali, ta gajiya. Da aka zo turawa sai abin ya tare su. Mai karatun ya fassara da ƙarfi, kowa na ji:

"Alhaji, wai ka tabbatar kai mutum ne."

Baba yana wurin ya je sayen bijimin yanka, shi ya ba ni labari. Ya ce kasuwa ta ɗauki dariya. Alhaji Mamman ya daure ya ce a ci gaba. Sai hotuna suka fito, wai a zaɓi inda akwai famfon 'yan kwana-kwana, wani jan ƙarfe gajere da ake kafawa a bakin titi a ƙasashensu. Wa ya taɓa ganinsa a yankinmu na Borgou? Suka zaɓi abin da ya yi kama da turmi, aka ce sun faɗi. Aka kawo wasu, wai motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa. Suka zaɓi kamiyo, babbar motar kaya, aka ce sun faɗi. Rezo ya yanke, aka koma farko. Mutumin da yake duban sa daga nesa ya faɗa maka shekarunsa da inda aka yi kiwonsa, shi ne waya ta kayar a gaban jama'a ta ce bai tabbata mutum ba. Kafin azahar yaran kasuwa sun raɗa masa suna Alhaji Robo.

Ku gaya mini, laifin wa? Ni na zana hotunan? Waɗanda suka ƙera abin nan sun zauna sun yanke cewa mutum shi ne wanda ya san titinsu da motocinsu, wanda bai sani ba sai ya kawo shaida. Ɓarayi suka dame mu, maganin da aka ba mu kuma ya kama mai gida ya bar mu da kunya. Amma a Djougou babu mai son jin wannan. Rashida ce ta sa, shi ke nan.

Kawu ya aiko in zo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ko ruwa bai bari na gama sha ba.

"Ke kika sa a tambayi Mamman ko shi mutum ne?"

"Kawu, ba shi kaɗai ake tambaya ba, kowa ne..."

"Kowa? Duk wanda ya yi sallama a ƙofata?"

Na ga na ƙara ɓata abin. Ya ce:

"Ubana bai tambayi ubansa ba. A gidan nan an sauki mai kuturta, an sauki wanda ya gudo daga kurkuku, ba a tambaye su ba sai da suka ƙoshi. Ke kin zo da wayarki kin kafa ɗan sanda a zaurena. Rufe shi. Cire sunana daga ciki gaba ɗaya."

Tanti ta sa baki ta ce maigida a yi haƙuri, yarinya ce, ga kuma masu sayen man kaɗe na gaskiya da suka fara zuwa ta nan. Ya ce ko su waye. In babu ɗan sandan robo ya shigo a yanka masa rago, in akwai shi a wulakanta baƙo, to abin da ba shi da hanya ta uku ba na gidansa ba ne. Ni kuwa na san in aka rufe shafin nan, ba shafi kaɗai aka rufe ba. Shi ne aikina na farko, da sunan gidanmu a kai. Duk Zongo za a ce ga abin da boko na waya yake jawowa, in koma teburin nama in yi shiru har abada. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya tashi ya shiga ciki.

A ranar na cire kapca. Na koma siber na canza tambayar da nake yi. Da ina neman yadda za a gane mutum. Yanzu na koma neman yadda za a gane robo ba tare da an taɓa mutum ba. Kuma akwai! Wallahi akwai, kuma sauƙinsa har haushi ya ba ni, don me ba shi ake fara faɗa wa mutane ba? Ku saurara, don wannan ko ku za ku iya. Mutum da ido yake ganin shafi, robo kuwa rubutun da ke ƙarƙashi yake karantawa, kuma kwaɗayinsa ba ya barinsa ya tsallake gurbi, duk wanda ya samu sai ya cika. To sai ka ƙara gurbi na huɗu, ka ɓoye shi yadda ido ba zai gan shi a allo ba. Mutum zai cika uku ya tura. Robo zai cika huɗu. Duk saƙon da ya zo da na huɗun a cike, ka san ko waye. Na ƙara da agogo: mutum kafin ya rubuta sunansa da gaisuwa sai ya ɗau lokaci, balle mutanenmu da gaisuwarsu, robo kuwa kafin ƙiftawar ido ya gama. Wanda ya yi saurin da ɗan Adam ba zai iya ba, shi ma a ware shi. Kuma ban sa a goge su ba, don wata wayar takan cika gurabe da kanta ba da sanin mai ita ba. Na yi musu wani akwati daban wanda ni nake dubawa, ba ya zuwa wayar Tanti.

Ranar Juma'a da safe na shimfiɗa ordinater na aro a zaure. Na ba Kawu waya na ce ya yi sallama da kansa. Tanti ta rubuta masa, ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala takarda. Babu tambaya, babu hoto, wayar Tanti ta yi ƙara. Sannan na buɗe masa ɗaya akwatin ya ga abin da ya taru a 'yan kwanakin: masu magani, masu gado, har da wani sabon Daniyel da ya canza suna. Na yi masa bayanin gurbin ɓoye. Ya ɓata fuska.

"Wato rami kika haƙa wa baƙo."

"Baƙo ba ya ganinsa, Kawu. Baƙo ta ƙofar da aka buɗe yake shigowa. Wannan sai mai bin bango yana taɓa kowace ƙofa, har wadda ba a nuna masa ba."

Ya hau jan carbi. Tanti ta ƙyafta mini ido in rufe bakina, don ta san ni, in na fara bayani ba na tsayawa. Can ya ce:

"Shi wanda ya faɗa ramin, me ake ce masa?"

"Ba a ce masa komai."

"A'a. Ya yi sallama ko bai yi ba?"

"Kawu, robo ne fa!"

"Ni ban ga fuskarsa ba, ke ma ba ki gani ba. Ke da bakinki kika ce wani lokaci mutum ne wayarsa ta cuce shi. Ba za a bi shi da wasiƙa ba, na ji, ba za a yanka masa ko kaza ba. Amma a ƙofar a amsa masa kamar kowa. In ba haka ba, rufe."

Na buɗe baki zan yi musu sai na tsaya, don abin da ya faɗa bai ɓata mini komai ba. Amsar da ke fitowa a kan shafi ba ta kai kowa ga wayar Tanti, kuma in robo ya ga an amsa masa kamar kowa, mai shi ba zai gane an kama shi ba balle ya canza dabara. Na ce ya faɗi abin da za a rubuta. Ya gyara zama ya faɗa, na rubuta da Hausa da Faransanci: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa, saƙonka ya iso gidan Salifu. Ya sa na karanta masa sau biyu, sannan ya ce a bar shafin.

Shafin yana nan har yau, kuna iya dubawa, kuma bayansa na yi wa wasu da dama a Parakou, babu wanda na sa wa kapca ko da ya roƙe ni. Amma Alhaji Mamman bai dawo ba. Kawu ya je har gidansa, ni ma Baba ya kai ni Tourou na durƙusa a gabansa cikin rana, na ce an cire abin, ya gwada ya gani. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi Inna, ya sa aka kawo mini ruwa. Wayar kuwa ko kallonta bai yi ba.

"Ɗiyata, tashi, ba ki da laifi a wurina. Amma yara sun riga sun sa sunan, kuma ba ke za ki cire shi ba."

In ya bi ta Djougou yanzu a wani gida yake kwana, ya aiko wa Kawu da gaisuwa ta bakin direba. Masu robo suna can suna ta turo shararsu, masu hotunan famfo suna can suna ta tambayar mutane, babu ɗayansu da ya taɓa jin sunan Mamman. Ni da na durƙusa a kasuwar shanu, ni ake nunawa da baki a gidan biki.